Matakala Talatin da Huɗu

Na ƙirga su tun ranar farko,
talatin da huɗu ne, ban da dokin ƙofa.
Masu hawa da ƙafarsu ba su san adadin ba,
wanda ake ɗauka shi ke ƙirga.

Daga Ɗorayi nake fitowa kafin rana ta yi ƙarfi,
hannuna ne inji, kafaɗata ce mai.
A Kabuga ɗan adaidaita sahu ya ƙare wa kekena kallo,
ya ce kuɗin mutum biyu, ko in jira na baya.
Na bayan ma ɗan'uwansa ne.
A bakin danja wata hajiya ta miƙo naira hamsin,
na ce na gode, makaranta za ni.

A gindin bene Nafi'u da Ɗayyabu ke jirana,
ɗaya ya kama hammata, ɗaya ya kama gwiwa,
su hau da ni kamar buhun da aka sayo a Dawanau,
suna barkwanci don kada in ji nishinsu.
Ina ji.
Ranar da Ɗayyabu bai karya ba ma ina sani,
a mataki na ashirin hannunsa ke gaya mini.
Keken kuwa yana ƙasa ɗaure da sarƙa,
jakin da ya kawo kaya aka hana shi shiga gida.

Bara aka zuba mana gangare na siminti,
aka shafe shi da fenti don baƙi za su zo.
Aka ɗauke ni hoto a bakinsa, aka ce in yi murmushi.
Na yi.
Hawansa sai ka ce Goron Dutse,
a ƙarshensa kuma ƙofa ce da kwaɗo,
makullin na aljihun wani da ya yi ritaya ya koma Gezawa.

Zuwaira na zama a gaba tana karanta leɓen malami,
shi ko ya juya baya yana hira da allo.
Rabin darasinta allo ne ya ji.
Sagir ya nemi takardar jarrabawa wadda yatsa ke karantawa,
aka ba shi irin ta kowa, wai adalci ke nan.
Ya shafa, ya sake shafawa,
sumul, ko tabo babu.

Mu bakwai muka rubuta koke.
Aka ce yana gaban kwamiti.
Kwamitin a hawa na uku yake zama.

Da damina Dakta Mu'azzamu ya zame a bakin masallaci,
ƙafa ta karye wuri biyu, mai ɗori ya ce wata uku.
Ran Litinin sanarwa ta fito:
darasi ya dawo ɗakin ƙasa, kusa da darbejiya.
Kwana ɗaya, ba zama, ba hatimi.
Kwaɗon nan kuwa kafinta ya same shi da guduma,
bugu biyu.

Allah shaida ban yi dariya ba.
Na je dubiya, na nuna masa yadda ake juya keke a lungu,
yadda ake ɗaga gaba in an zo kan kwata.
Ya ce, "Tasi'u, da can yaya kake hawa?"
Na ce, "A hannun Nafi'u, Malam, shekara uku."
Ya yi shiru har shayinsa ya huce.

Jiya na ga ya ajiye sanda.
Tun daga nan kowace safiya sai na leƙa allon sanarwa,
gabana na faɗuwa in na ga sabuwar takarda.
Nafi'u ya ce ko an mayar da mu sama, hannunsa na nan.
Na ce hannunka na da nasa littattafan.

Abin da nake so bai taka kara ya karya ba:
wata rana in makara da kaina,
in tura ƙofa ni kaɗai ana tsakiyar darasi,
malami ya harare ni
yadda yake hararar kowa.